Murfin Da Ya Cije A Tsakiyar Ruwa: Yadda Muka Sauya Layukan Ƙofar Jirgin Kawu

A watan Satumba, damina na shirin bankwana, Kawu ya fita da jirginsa a dam ɗin Kangimi da ke ƙaramar hukumar Igabi, tare da jikansa ɗan shekara 12. Wajen la'asar hadari ya haɗo daga gabas, irin wanda ba ya jiran mutum ya kintsa. Kawu ya sauke ƙyallen da ke kama iska, ya ce wa yaron ya shige ɗaki, shi kuma ya kama murfin ƙofar zai ja ya rufe. Murfin ya zo rabi ya cije. Ya tura baya ya ƙi, ya jawo gaba ya ƙi. Da ya sa ƙarfi sai gefen hagu ya fice daga layinsa, murfin ya karkace ya tsaya a haka. Ruwan sama ya yi ta kwarara cikin ɗakin, yaron yana kwarfewa da bokiti, Kawu yana riƙe da sitiyari da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana danne tamfol a bakin ƙofar. Allah ya kiyaye, sun fito lafiya. Da dare ya kira ni ya ce, "Ɗana, gobe ka zo ka duba mini murfin nan. Ba zan sake ɗaukar yaro a jirgin nan ba sai an gyara shi."

Ni sana'ata haɗa tagogi da ƙofofin alminiyam ce, shagona yana Tudun Wada. Abu mai zamewa a kan layi shi ne abincina, don haka na tafi da zaton aikin yini ɗaya ne. Aikin ya ci mu tun daga Nuwamba har Fabrairu, kuma bai ƙare da gaske ba sai da wata damina ta zo ta gwada shi.

Jirgin da inda matsalar take

Irin wannan jirgi ba kasafai ake ganinsa a Kaduna ba, shi ya sa zan ɗan bayyana shi. Ƙaramin jirgin ruwa ne mai tafiya da iska, tsawonsa kamar mita 6, jikinsa na faiba ne, irin wadda ake yin tankin ruwa da bambar mota da ita. Kawu ya saye shi tsoho a Legas lokacin da yake aiki a can, da ya yi ritaya ya ɗora shi a tirela ya kawo gida. Kogin Kaduna a cikin gari bai dace da shi ba, da rani duwatsu, da damina kuma ruwan ya yi ƙarfi, saboda haka sai ya riƙa jan sa zuwa dam. Sauran kwanakin shekara yana ajiye a tsakar gida, rana da ƙura suna dukan sa.

A tsakiyar jirgin akwai ɗan ɗaki da mutum biyu za su iya kwanciya. Ana shiga ta wata ƙofa da aka yanka a rufin ɗakin, a kanta akwai murfin faiba mai faɗin santimita 62, wanda ake turawa gaba a buɗe, a jawo baya a rufe. Murfin yana gudu ne tsakanin katakai biyu dogaye, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne tsawon santimita 120, an ɗaure su a rufin da sukuru bakwai-bakwai. Su muke kira layuka. Kowane layi yana da tsaga a gefensa na ciki, leɓen murfin yana shiga cikinta. Tsagar nan aiki biyu take yi: tana nuna wa murfin hanya, tana kuma hana shi tashi sama idan iska ko igiyar ruwa ta buge shi. A jirgin ruwa wannan murfi ba kwalliya ba ne. Shi ke rufe babbar kafar da ruwa zai bi ya cika jirgi idan ya kwanta gefe ko ruwa ya hau kansa.

Da na duƙa na duba, tsagar layin hagu da ya kamata ta zama kamar milimita 6 ta buɗe har ɗan yatsana na shiga. Leɓen saman katakon ya siririce kamar bawon rake, a wuri ɗaya ma ya ɓalle. Na shafa cikin tsagar, hannuna ya fito da wani baƙin abu mai kauri, da na murza shi tsakanin yatsu sai na ji yana ƙaras-ƙaras. Na tambayi Kawu, ya ce tun da murfin ya fara nauyi yake sa masa giris, wani lokaci man juye. Nan na gane abin da ya cinye katakon. A Legas giris zai iya zama giris. A Kaduna kuwa, da hunturu ya shigo, ƙura takan sauka a kan maiƙon ta haɗu da shi, sai ya koma kamar sanfefa mai ruwa. Duk ja ɗaya na murfin, gugar katakon ake yi. Da tsagar ta buɗe sai murfin ya fara tafiya a karkace, kusurwarsa ta riƙa caka katakon, shi kuma Kawu ya ƙara giris.

Abin da ke ƙarƙashin layin

Ranar da muka zo kwance layukan, na zo da wani dattijon kafinta da muke aiki tare idan an ba ni kwangilar gida. Cikin sukuru 14, guda 9 ne suka fita da sukundireba. Uku sun yi ta juyawa a wuri ɗaya ba sa fita ba sa shiga, biyu kuma kansu ya gutsure saboda tsatsa. Waɗannan biyun sukurun ƙarfe ne na gama-gari, wani da ya taɓa gyara jirgin tun kafin ya zo hannun Kawu ya sa su, ya bi gefen layin ya shafe da silikon. Da muka ɗaga layin hagu, sai wani ruwa ja-ja mai warin ruɓaɓɓen itace ya tsattsafo daga ramuka uku. Watan Nuwamba ne fa, an yi makonni ba a ga ɗigon ruwan sama ba.

Kafintan ya juya guduma, ya riƙa ƙwanƙwasa rufin da ƙotar. Nesa da layin sautin yana fita tas-tas. Da ya matso kusa da ramukan nan uku sai ya koma dum-dum, kamar ana buga kabewar da ta lalace. Ya ɗago ya ce wa Kawu, "Alhaji, ciwon ba a katakon da muka cire yake ba. Yana cikin rufin."

Rufin irin waɗannan jirage ba faiba zalla ba ne. Hawa uku ne: fatar faiba a sama, fatar faiba a ƙasa, a tsakiya kuma wani abu mara nauyi da ke raba su, ko filawud, ko wani itace mai suna balsa da ake samowa daga Kudancin Amurka, ko soso mai tauri. Wannan tazara ita ke ba rufin ƙarfi har mutum ya taka bai lotsa ba, ba tare da jirgin ya yi nauyi ba. Na Kawu filawud ne, kaurin milimita 9. Matsalar ita ce duk sukurun da aka ɗaura ta sama ya huda fatar ya shiga cikin wannan filawud. Muddin gam ɗin da ke kewaye da shi yana da rai, babu komai. Ranar da gam ya bushe ya tsage, ko layin ya fara motsi saboda ana fizgar murfi da ƙarfi, ruwa ya sami hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shigar kuma ita ce mai sauƙi, fitar babu, domin faiba ta rufe shi sama da ƙasa. Filawud ya jiƙe, ya ruɓe, sukuru ya rasa abin kamawa, layi ya ƙara motsi, ruwa ya ƙara shiga.

Da a ce na bi shirina na farko, na yanko sababbin layuka na ɗaura a tsofaffin ramukan nan, da murfin ya yi gudu lafiya na wata biyu ko uku, Kawu ya yaba mini, ruɓar kuma ta ci gaba da cin rufin a ɓoye. Har yau idan na tuna haka sai gabana ya faɗi, domin yaro ne zai zauna a ƙarƙashin wannan rufi.

Da me za a yi sabon layin

Mun yi kwanaki muna muhawara a kan wannan. Ni dai alminiyam na so, shi na sani, kuma ina da guntayen layin taga a shago. Amma da na kawo ɗaya na ɗora a rufin na ga ba zai yi ba. Bakinsa da kaifi, wurin kuma da ƙafa ba takalmi ake takawa. Rufin yana da ɗan doro, layin taga kuwa miƙaƙƙe ne. Sannan alminiyam da ƙarfen silba, wato wanda ba ya tsatsa, ba sa zaman lafiya idan akwai danshi tsakaninsu: alminiyam ɗin ne ke ciwuwa, ya riƙa fitar da farin gari a kewayen noti har notin ya ƙi kwancewa.

Sai ɗan Kawu ya kawo shawarar farar roba mai kauri, irin ta faifan yanka nama. Tana da santsi, ba ta ruɓewa, gara ba ta cin ta. Aibinta zafi. Irin wannan roba tana miƙewa tsakanin milimita 0.1 da 0.2 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Tsakanin sanyin asubar Janairu da rufin da ranar Maris ta gasa, bambancin digiri 30 ba abin mamaki ba ne a garin nan. A layi mai santimita 120 wannan ya kai milimita 4 zuwa 7. Idan an ɗaure ta tam za ta yi doro tsakanin noti da noti, idan an faɗaɗa mata ramuka don ta sami wurin motsi, an buɗe wa ruwa ƙofa ke nan. Muka ajiye ta gefe, amma ba mu yar da ita ba, ta yi mana amfani daga baya.

Aka dawo kan katako. Asalin layukan na tik ne, itacen da masu ƙera jirage suka fi so saboda maiƙon da ke jikinsa yana hana ruwa da ƙwari. Ana shuka tik a jihar nan, akwai gandunsa a Nimbia can kudancin Kaduna, sai dai wanda muka samu a kasuwa ɗanye ne, ƙananan itatuwa, farin gefen ya fi zuciyar yawa, shi kuwa farin gefe ba ya jure ruwa. Malaina ta yi taushi. Maɗaci yana da ƙarfi amma jijiyarsa a murɗe take, siririn yanki mai tsawo irin wannan yana iya karkacewa. Kafintan ya ce loko, wanda 'yan katako ke kira iroko, kuma ba sabo ba. Ya shiga Panteka wajen masu sayar da kayan tsofaffin gine-gine, ya yi yini guda yana juya katakai, ya dawo da ƙafar tsohuwar ƙofa guda ɗaya, duk fenti da ramukan ƙusa. Na dube ta na dube shi. Ya ce, "Wannan ta ga hunturu da damina fiye da shekarunka. Duk murɗewar da za ta yi ta riga ta yi. Da tsohuwar zuma ake magani." Da ya feƙe fuskarta sai ga katako ruwan zuma, jijiya miƙe sambal. Cikin duk kayan da muka saya shi ne mafi araha.

Ramuka goma sha huɗu

Nan ne aikin ya zauna, kuma nan ne hunturu ya zama abokinmu. Muka ja jirgin ƙarƙashin rumfa. Kowane rami na faɗaɗa shi da injin huda zuwa milimita 12, amma fatar sama kawai da filawud, ban taɓa fatar ƙasa ba. Sannan na lanƙwasa kan ƙusa kamar ƙugiya, na ɗaura a injin, na zura cikin ramin ina juyawa a hankali, yana ƙwaƙulo filawud ɗin da ke kewaye ta ƙarƙashin fatar. A ramuka 11 garin da ya fito fari ne busasshe bayan ɗan juyi kaɗan. A ukun nan na hagu baƙi ne, jiƙaƙƙe, kamar tukar rake da ta kwana a kwata, kuma duk inda ƙusar ta kai haka yake.

Wurin sai da muka buɗe shi. Ta cikin ɗaki muka yanka fatar ƙasa, don kada a ɓata fuskar rufin ta waje, muka ɓamɓaro yanki mai girman tafin hannu biyu. Muka kankare ruɓar har muka isa itace mai lafiya ta kowane gefe. Sai muka bar komai a buɗe mako uku, muka yafa gidan sauro a kai don rage ƙura. Busasshiyar iskar Disamba, wadda ke fasa mana leɓe da dunduniya, ita ta zuƙe danshin da ya yi shekaru a cikin rufin. Da damina ce da sai mun nemi fitila ko injin busarwa, kuma da wuya ya bushe haka. Kawu ya ƙosa, kullum sai ya leƙa ya ce ai ya bushe. Kafintan yakan manna guntun leda a kan ramin da yamma, da safe ya ɗaga, in ya ga raɓa a jikinta ya ce a ƙara kwana.

Wajen cikewa, masu gyaran bamba suka ce mu yi amfani da ruwan faiba da suke aiki da shi, ya fi sauƙin kuɗi. Mun ƙi, muka nemi ifoksi, gam ɗin nan mai kashi biyu da ake haɗawa, dangin Araldite amma mai ruwa-ruwa na gwangwani. Ya fi kama itace da tsohuwar faiba, kuma ba ya ƙanƙancewa sosai idan ya daskare. Shi ya fi komai cin kuɗi a aikin. Yana da sharuɗɗa biyu da ba a wasa da su. Awon haɗin sai yadda aka rubuta a gwangwanin, ƙarin kashi na biyu ba ya sa shi saurin kamawa, lalata shi yake yi. Sannan zafi yana gaggauta shi, idan kuma aka dama da yawa a kofi ɗaya yakan ɗau zafi da kansa har ya yi hayaƙi. Don haka da sassafe muke aiki, muna damawa kaɗan-kaɗan a gindin gorar ruwa da aka yanke, da safar hannu.

Na fara shafa tsararren ifoksi a cikin kowane rami don itacen ya sha, sannan na dama wani da lallausan garin katako har ya yi kaurin kunun gyaɗa mai kauri, na ɗura da sirinji tun daga ƙasan ramin zuwa sama don kada iska ta maƙale. Babban wurin kuma muka yanka sabon filawud daidai shi, muka manna, muka tokare da sanda daga ƙasa har ya kama, muka rufe da ƙyallen faiba hawa uku. Bayan kwana biyu na sake huda kowane rami a tsakiyar ifoksin da milimita 5.5. Yanzu ko ruwa ya bi jikin noti, bangon ifoksi zai tarar, ba itace ba, sai dai ya ɗigo cikin ɗaki inda ido zai gan shi. A bakin kowace huda na ɗan fafe kaɗan kamar bakin mazurari, amfaninsa zai zo.

Ba mu koma ga sukuru ba. Noti muka sa mai ratsawa har cikin ɗaki, na milimita 5, da faffaɗan washa a ƙasa. A wani shago an ba ni wasu masu ƙyalli aka ce silba ne, na kai mayen ƙarfe kusa sai suka yi tsalle suka manne. Irin silban da muke nema ko dai ba ya kamawa ko ya ɗan ja kaɗan. A kan notin kirki za ka ga an buga A2 ko A4. A4 shi ne na ruwan gishiri, a ruwan daɗi irin na dam A2 ya wadatar, shi muka samu.

Ɗaurawa, da kuskuren da na yi

Kafintan ya fitar da layukan biyu, faɗin santimita 5 kowanne, ya bi doron rufin ya sassaƙe ƙasansu har suka zauna ba tare da an danne su ba. Loko yana dakushe kaifi, ƙurarsa kuma tana sa tari da ƙaiƙayi, sai da ya ɗaure hanci. A ƙarƙashin kowane layi ya yanka 'yan hanyoyi biyu don ruwan da ya taru tsakanin layi da bakin ƙofa ya sami mafita. A ƙarshen gaba ya sa ɗan katako mai tare murfin. Farar robar nan kuma muka yanka ta ƙanana huɗu, sirara, muka ɗaura a kusurwoyin leɓen murfin da ƙananan sukuru masu nutsewa, tun da gam ba ya kama ta. Su ne yanzu ke gogar katakon, kuma idan sun cinye, canza su aikin minti goma ne.

Wajen abin da za a shimfiɗa tsakanin katako da rufi, hannuna ya tafi ga silikon don sabo. Amma mun riga mun ga aikinsa a tsohon layin: ya saki katakon, ruwa na bi ta ƙarƙashinsa, ya kuma bar wani santsi a faibar da sai da muka kankare muka goge da tina kafin wani abu ya kama wurin. Akwai kuma gam mai kamun har abada, irin na gilashin mota, wanda idan ka sa, ranar cirewa sai ka ɓalle fatar rufin. Muka zaɓi butil, baƙin danƙon nan mai zuwa a naɗe kamar tef, wanda masu rufin kwano ke sawa a mahaɗa. Ba ya bushewa, yana nan da danƙonsa shekara da shekaru. Muka shimfiɗa shi a ƙasan layin, muka naɗa ɗan zobe a wuyan kowane noti. Idan aka ɗaure, zoben nan yana cika bakin mazurarin da na fafe, ya zama hatimi. Ɗan Kawu yana sama ya riƙe kan notin kada ya juya, ni ina ciki ina ɗaurewa ta ƙasa, don idan notin ya juya zai yage danƙon. Ba a ɗaure shi tam rana ɗaya. Kaɗan yau, kaɗan jibi, har sau uku, danƙon yana fitowa ta gefe muna yankewa.

Kafin a huda katakon sai da muka daidaita layukan da murfin a tsakaninsu. Tazararsu gaba da baya dole ta zo ɗaya, muka kuma auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta gicciye. A nan muka saɓa da kafintan. Ya ce a bar wa murfin sarari milimita 2 ta kowane gefe. Ni kuwa a aikin taga, sarari irin wannan aibi ne, taga mai kaɗawa ba a biyan kuɗinta da daɗin rai. Na ce rabin milimita ta kowane gefe ya isa. Ya ce, "Malam, ƙarfenka ba ya shan ruwa, katakona yana sha. Watan Fabrairu muke. Ka tuna ƙofar ɗakinka a watan Agusta." Na nace, Kawu ya goyi bayana don ya ga yadda murfin ke tafiya shiru ba ƙara. Dattijon bai ƙara magana ba, ya yi yadda muka ce.

Gaskiyarsa ce, kuma lissafin ba ɓoyayye ba ne. Katako yana bin danshin iskar da yake ciki. Idan danshin iska ya sauka wajen kashi 20 cikin 100, kamar yadda yake yi mana da hunturu, ruwan da ke jikin katako yakan koma kashi 4 zuwa 5. Idan ya hau kashi 80, kamar tsakiyar damina, yakan kai wajen kashi 16. Katako ba ya ƙara tsawo a kan haka sai ɗan abin da ba a lura da shi, amma yana ƙara faɗi. Tsufansa yana hana shi murɗewa, ba ya hana shi kumbura. Mun yanka layukan a lokacin da suka fi kowane lokaci ƙanƙancewa, muka ɗaure su ta tsakiya, murfin faiba kuma ba ruwansa da danshi. Duk kumburin da za su yi ta ciki, kan murfin zai ƙare.

Damina ta gwada aikin

Ruwan farko da na biyu ba abin da ya faru. Muka zuba ruwa da tiyo a kan rufin, na kwanta cikin ɗakin da tocila ina bin noti 14 ɗaya bayan ɗaya, babu ɗigo. A watan Yuli Kawu ya ce murfin ya fara nauyi. Zuwa tsakiyar Agusta sai da hannu biyu yake motsi, kuma na tarar da gwangwanin giris a kusa da jirgin, bai dai kai ga shafawa ba. Na roƙe shi ya mayar da shi gareji.

Na je har gida na sami kafintan na ce masa maganarsa ta tabbata, ya zo ya taimake ni. Bai ce komai a kai ba, ya ɗauko jakar kayansa. A nan zaɓin noti da butil ya biya mu. Cikin awa ɗaya layukan biyu suna ƙasa, ba abin da ya ɓalle, ba abin da ya tsage. Na leƙa ramukan, ifoksin yana nan garau, ƙarƙashin layin a bushe. Ya rage milimita ɗaya da rabi a fuskar ciki ta kowane layi, ya ƙara wa tsagar zurfi daidai haka, yana gwadawa da murfin a lokacin da katakon ya kai iyakar kumburinsa. Ya tabbatar leɓen murfin yana cikin tsagar da aƙalla milimita 8 ko da an tura shi gefe ɗaya gaba ɗaya, don kada sararin da aka ƙara ya sa ya fice idan hunturu ya dawo. Muka sa sabon butil muka mayar.

Cikin tsagar ba mu shafa banish ba, ba mu shafa mai ba. Guntun kyandir kawai ake gogawa, shi ba ya riƙe ƙura kamar giris. Ɗinkin tamfol aka yi wa rufin, mai sauka har kan layukan, ana ɗaure shi duk lokacin da jirgin ke tsakar gida. Kafin a fita da shi, jikan Kawu ne ke bin tsagar da tsohon buroshin haƙori da kofin ruwa, aikin da ya ɗauka nasa ne ba wanda ya sa shi.

Da hunturun bana na je na duba. Murfin yana ɗan kaɗawa idan an girgiza shi, ƙas-ƙas kaɗan, irin ƙarar da a da ba zan yarda da ita ba. Na kama shi na ɗaga sama da ƙarfina, bai fita ba. Na ƙwanƙwasa rufin da ƙotar guduma tun daga gaba har baya, sautin ɗaya ne. Noti biyu na dama sun ɗan saki saboda katakon ya ƙanƙance, na ƙara musu rubu'in juyi. Kawu yana tsaye yana kallo, ya kira yaron ya ce ya rufe ƙofar. Yaron ya sa yatsu biyu ya jawo murfin har ƙarshe.